Abu Zaid al-Balkhi (850–934): Magatakardan da Ya Keɓe wa Baƙin Ciki Babi a Littafin Likitanci

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Abu Zaid Ahmad bn Sahl al-Balkhi, malamin Kurasan da ya rayu tsakanin ƙarni na tara da na goma na Miladiyya, tun daga ƙauyen da aka haife shi har zuwa lokacin da littafinsa na kiwon lafiya ya sake fitowa fili bayan fiye da shekara dubu. An fi tsayawa a kan abin da ya rubuta game da baƙin ciki da tsoro da waswasi da barci, sannan aka auna da'awar da ake yawan yi a yau cewa shi ne ya fara hanyar warkarwa ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ake yi wa matasa masu fama da rashin barci da ciwon damuwa magani da ita.

Gabatarwa

A asibitoci da cibiyoyin kula da lafiyar ɗalibai na ƙasashe da dama, akan tara matasa shida zuwa takwas a ɗaki guda sau ɗaya a mako, ƙarƙashin jagorancin masanin halayyar ɗan'adam. Abin da ya haɗa su shi ne barci ya ƙaurace wa idanunsu, rai kuma ya yi nauyi har karatu da hulɗa da mutane sun gagara. Ba ƙwaya ake raba musu a irin wannan zama ba. Ana koya musu yadda za su kama tunanin da ke hana su sakat, su auna shi da hujja, su kuma sauya wasu ɗabi'u da suka shafi kwanciya da tashi. Idan aka tashi ba da tarihin wannan hanya, sunaye biyu ake fara ambata, wato Albert Ellis da Aaron Beck, Amurkawa na tsakiyar ƙarni na ashirin. A 'yan shekarun nan manazarta, musamman Musulmi, sun ƙara suna na uku, na wani mutum da ya riga waɗancan biyu da shekara dubu. Yabon da ake yi masa ya yi yawa har ya kusa rufe shi kansa mutumin, domin da yawa daga masu ambatonsa ba su san a ina ya zauna ba, da me ya ci abinci, ko daga wa ya ɗauko ilimin da ake jingina masa.

Daga Balkh zuwa Bagadaza

An haifi Abu Zaid wajen shekarar 850, daidai da 235 bayan Hijira, a ƙauyen Shamistiyan da ke kusa da birnin Balkh. Kufan wannan birni yana arewacin Afganistan ta yau, kimanin kilomita 20 daga Mazari Sharif. Larabawa sun yi masa laƙabi da uwar garuruwa saboda daɗewarsa. Kafin zuwan Musulunci akwai babban wurin ibadar mabiya addinin Buda a can mai suna Naubahar, kuma kakannin Baramika, shahararrun waziran Abbasiyawa, su ne masu riƙe da shi. A zamanin ƙuruciyar Abu Zaid garin ya zama matattarar malaman fiƙihun Hanafiyya da masu zuhudu, mahaɗar fatake daga Indiya da Sin da ƙasashen Turkawa. Daga nan ne Abu Ma'ashar, fitaccen masanin taurari, ya fito.

Mahaifinsa baƙo ne daga Sijistan, sana'arsa koyar da yara. Wannan asali ya bi Abu Zaid har tsufansa. Ba shi da gadon dukiya, ba shi da dangi a fada, saboda haka duk rubutun da ya yi ya dogara ne ga samun wani mai hali da zai ɗauke masa nauyin ci da sha.

Yana saurayi ya bi ayarin mahajjata da ƙafa zuwa Iraƙi. Abin da ya fitar da shi daga gida shi ne neman zurfafa sani a kan aƙidar Shi'a Imamiyya, wadda zuciyarsa ta karkata gare ta a lokacin. Ya yi shekara takwas a can, ya zaga wurin malamai, ya kuma dawo da wani abu dabam da wanda ya je nema. Ya bar waccan karkata, ya riƙe tafarkin mafi yawan mutanen garinsu, sannan ya ƙoshi da falsafa da likitanci da ilimin taurari da sanin halittu. Mabuɗin wannan sauyi shi ne haɗuwarsa da Yaƙub bn Ishaƙ al-Kindi, wanda ake kira masanin falsafar Larabawa, a ƙarshen rayuwar shi al-Kindin, domin ya rasu wajen shekarar 870.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan abin da almajiri zai iya samu a zauren al-Kindi, saboda a nan ne tushen littafin da Abu Zaid zai rubuta daga baya. Al-Kindi ya jagoranci rukunin masu fassara littattafan Yunanawa zuwa Larabci, kuma shi da kansa ya rubuta wata gajeriyar risala a kan dabarar kore baƙin ciki. A cikinta ya bayyana baƙin ciki a matsayin ciwon rai da ke zuwa idan mutum ya rasa abin da yake so ko ya kasa samun abin da yake nema, ya kuma jero tunane-tunanen da za su rage masa zafi. Ɗaya daga cikin misalan da ya kawo shi ne labarin Iskandar mai mulkin Makidoniya, wanda da ya ji ajali ya matso sai ya aika wa mahaifiyarsa cewa bayan mutuwarsa ta shirya walima, ta gayyaci kowa ban da wanda musiba ta taɓa sama. Ranar walima babu wanda ya zo, sai uwar ta gane abin da ɗanta yake nufi. Irin wannan tunani ya samo asali ne daga masana falsafar Yunan da ake kira Rawaƙiyyawa, irin su Efiktitus, waɗanda suka koyar da cewa hukuncin da mutum ya yanke a kan abu shi ne ke damunsa fiye da shi abin. A ɓangaren likitanci kuwa, tsarin Jalinus ne ke ci a Bagadaza. A wannan tsari lafiya ta rataya ne ga daidaiton ruwaye huɗu na jiki, kuma abubuwa shida ne na yau da kullum ke gyara wannan daidaito ko su ɓata shi: iska, ci da sha, motsi da hutu, barci da farkawa, fitar da abin da ke cikin jiki da riƙe shi, da kuma halin da rai yake ciki. Tun a wancan lokacin ke nan barci da damuwa suna cikin jeri guda.

Malami a Hannun Masu Mulki

Da ya koma Balkh sai ya gaji sana'ar mahaifinsa ta koyarwa, sunansa kuma ya fara yaɗuwa. Yaƙut al-Hamawi, wanda ya tattara tarihinsa a ƙamusunsa na marubuta, ya siffanta shi da cewa matsakaicin tsawo ne, siriri, mai duhun fata da manyan idanu, da zanen agana a fuska, mai yawan shiru da kwarjini. A rubuce kuwa harshensa ya fi na baki kaifi, har aka yi masa laƙabi da Jahiz na Kurasan. Abu Hayyan al-Tauhidi, wanda bai cika yabon mutane ba, ya sa shi a sahu ɗaya da al-Jahiz da Abu Hanifa al-Dinawari.

Ibn al-Nadim ya ruwaito a cikin al-Fihrist yadda Abu Zaid ya yi asarar masu ɗaukar nauyinsa har sau biyu. Wani kwamanda mai suna Husaini bn Ali al-Marwarruzi da ɗan'uwansa Su'uluk suna ba shi kuɗi a kai a kai. Da ya rubuta littafi a kan binciken hanyoyin tawili sai suka yanke, domin Husaini ɗan Isma'iliyya ne, aƙidar da ta ginu a kan tawilin ma'anoni na ɓoye. Al-Jaihani, wazirin sarkin Samaniyawa Nasr bn Ahmad, shi ma yana aiko masa da kyaututtuka. Da ya rubuta littafi a kan baiko da yanke-yanken ibada, shi ma ya janye hannunsa, kuma ana zargin wazirin da bin aƙidar masu cewa alloli biyu ne. Abin lura a nan shi ne a duka lokutan biyu Abu Zaid ya san ra'ayin mai ciyar da shi, amma ya rubuta abin da ya ga dama. A ɗaya gefen kuma wasu malamai sun jefe shi da zargin ilhadi saboda shagaltuwarsa da falsafa. Abokinsa Abul Ƙasim al-Ka'abi, babban malamin Mu'utazila, ya kare shi da cewa an zalunce shi, mai tauhidi ne, tare suka tashi kuma tare suka karanta manɗiƙi. Masu tarihinsa sun kuma nuna cewa ya yarda da ɓangaren ilimin taurari da ke bisa lissafi, ya ƙi ɓangaren duba. Littafinsa Nazm al-Ƙur'an ya sha yabo daga malaman da ba su da wata alaƙa da falsafa.

A shekarar 918 wani kwamanda ya karɓi ragamar Balkh, kuma sunansa ya zo ɗaya da na malamin, wato Ahmad bn Sahl. Shi ne wanda a shekarar ya murƙushe tawayen Husaini al-Marwarruzi, tsohon mai ciyar da Abu Zaid. Sabon gwamnan ya yi wa malamin tayin wazirci, ya ƙi, ya zaɓi aikin magatakarda. Aka naɗa al-Ka'abi waziri a kan dirhami dubu a wata, Abu Zaid kuma a kan ɗari biyar, sai al-Ka'abi ya sa ana cire ɗari daga albashinsa ana ƙara wa abokinsa. Gwamnan ya kuma mallaka masa gona a ƙauyensu na Shamistiyan. Zaman bai daɗe ba. Ahmad bn Sahl ya yi wa Samaniyawa tawaye, aka kama shi, ya mutu a kurkukun Bukhara a shekarar 920. Mulki ya tafi da mai shi, gonar kuwa ta zauna a hannun magatakarda.

Al-Muƙaddasi ya kawo labarin cewa sarkin Kurasan ya taɓa kiran sa zuwa fada a Bukhara. Ya kama hanya, amma da ya isa bakin kogin Jaihun, wanda ake kira Amu Darya a yau, ya ga faɗinsa da ƙarfin ruwansa, sai ya rubuta wa sarki uzuri, ya nuna cewa hankalin da ya sa aka kira shi shi ne ya hana shi ƙetarewa, ya juya gida. Masu son barkwanci sukan ce ga likitan tsoro tsoro ya kayar da shi. Mai yiwuwa ne kuma kogin hujja ce kawai ta mutumin da ya ga ƙarshen iyayen gidansa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma san abin da ke tsallaken ruwan.

Taswirori

Shekaru aru-aru, idan aka ambaci al-Balkhi, labarin ƙasa ne ke zuwa a zuciya. Wajen shekarar 920 ya shirya Suwar al-Aƙalim, inda ya raba ƙasashe kashi ashirin, kowane da taswirarsa da ɗan taƙaitaccen bayani. Al-Muƙaddasi ya soke shi da cewa bai yi tafiye-tafiye ba kuma bayaninsa ya gajarta. Duk da haka a kan tsarinsa al-Istakhri ya gina nasa littafin, Ibn Hauƙal ya faɗaɗa na al-Istakhri, shi ma al-Muƙaddasin ya bi sawu, shi ya sa manazarta ke kiran su mazhabar Balkhi a ilimin taswira. Asalin littafin ya ɓace. A shekarar 1871 masanin ƙasar Holan, de Goeje, ya rubuta doguwar maƙala yana ƙoƙarin rarrabe abin da yake na al-Balkhi daga abin da yake na al-Istakhri. An ma taɓa jingina masa littafin da ba nasa ba: Kitab al-Bad' wa al-Tarikh, wanda Clément Huart ya fara bugawa a Faransa a 1899 da sunansa, daga baya aka tabbatar cewa na al-Muɗahhar al-Maƙdisi ne. Daga cikin littattafai kusan sittin da aka lissafa masa, a kan siyasa da tafsiri da harshe da rabe-raben ilimi har da wasan dara na shaɗaranji, wanda ya iso gare mu cikakke shi ne wanda magabata ba su cika ambata ba.

Littafin Maslahar Jiki da Rai

Masalih al-Abdan wa al-Anfus maƙala biyu ne. Ta farko tana da babi goma sha huɗu a kan jiki: mazauni da ruwa da iska, sutura, abinci, abin sha, ƙamshi, barci, saduwar iyali, wanka, motsa jiki, tausa, da sauraren kiɗa. Masu gabatar da littafin a yau sukan tsallake babin abin sha, domin a ciki ya tattauna giya da idon likita, ya faɗi abin da yake gani amfaninta ne da kuma illarta, kamar yadda likitocin zamaninsa suka saba. Wannan maƙala ta farko ba ta kauce wa tsarin Jalinus ba. Barci a wurinsa ɗaya ne daga cikin abubuwan da ake tsarawa da awo, kamar abinci, domin ƙarancinsa da yawansa duka suna cutarwa.

Maƙala ta biyu, mai babi takwas, ita ce abin da ya bambanta shi da saura. Ya buɗe ta da ƙorafin cewa likitoci sun cika littattafansu da cututtukan jiki sun bar na rai, alhali mutum yana iya shafe shekaru bai kwanta ciwo ba, amma da wuya yini ya wuce bai ji fushi ko tsoro ko ɓacin rai ba. Ya ce jiki da rai a sarƙe suke: zazzaɓi yakan dushe tunani, damuwa kuma takan kwantar da mai lafiya. Daga nan ya raba matsalolin rai gida huɗu, wato fushi, tsoro da firgici, baƙin ciki da raki, sai waswasi. Wannan kalma ta ƙarshe Hausa ta are ta daga Larabci da kusan ma'anar da ya yi amfani da ita, wato zancen zuci mai naci da mutum ya kasa kora.

Shawararsa ta farko ta riga-kafi ce. Kamar yadda mai hankali yake ajiye magunguna a gida tun yana lafiya saboda ranar da ciwo zai zo babu likita a kusa, haka ya kamata ya tanadi kyawawan tunane-tunane a lokacin da ransa yake kwance, domin idan tashin hankali ya zo ba lokacin ƙirƙiro su ba ne. Ya kuma so mutum ya horar da kansa da ƙananan ɓacin rai kafin manya su iso. Magani a wurinsa ta hanya biyu yake zuwa. Akwai na ciki, wato tunanin da mutum zai fuskanci tunaninsa da shi. Akwai na waje, wato nasihar wani amintacce. Dalilin da ya bayar na buƙatar na wajen shi ne mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani a kan daga bakinsa, kuma wanda damuwa ta rufe ra'ayinsa a gauraye yake da ita, kamar likitan da ya kwanta ciwo dole ya nemi wani likitan.

A kan fushi ya kawo misalin mahayi da doki: idan aka ja linzami tun dokin bai zabura ba an tsira, idan ya riga ya ɗauki gudu sai yadda hali ya yi. A kan tsoro ya lura cewa mafi yawan abin da ake tsoro ba ya kai yadda aka zata, ya kwatanta shi da hazo wanda daga nesa ake ganinsa kamar bango, idan aka shiga sai a tarar iska ce ana numfashi a cikinta. Ya kuma nuna cewa sabo yana kashe tsoro, shi ya sa likita ba ya razana da rauni, matuƙin jirgin ruwa ba ya razana da igiyar teku, sojan da ya ga yaƙi ba ya razana da jini.

Babin baƙin ciki shi ne ya fi jan hankalin masana na yau. Ya raba shi biyu. Akwai wanda aka san sanadinsa, kamar mutuwar masoyi ko asarar dukiya. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya rasa kuzari da sha'awar komai, ba tare da ya iya nuna dalili ba. Na biyun ya danganta shi da gurɓatar jini, ya ce a yi masa maganin jiki, a haɗa da hira mai daɗi da zama da abokai da sauraren kiɗa. Na farkon kuwa ya tsara masa jerin tunani. Mai baƙin ciki ya tuna cewa duniya ba a gina ta a kan kowa ya sami duk abin da yake so ba. Ya auna abin da ya rasa da abin da ya rage masa, ya kuma hango asarar da ta fi wannan wadda ba ta same shi ba. Ya lura cewa idan raki ya karya masa jiki, ya ƙara asara babba a kan ƙarama. Ya dubi sauran mutane ya ga cewa ba a kansa aka fara ba. Ya kuma san cewa zafin musiba ya fi tsanani a ranar farko, kowace rana tana rage wani abu. Ga mai waswasi, wanda kullum yake jin ciwo ko mutuwa na dab da shi, gargaɗinsa biyu ne: kada ya kaɗaita, kada kuma ya zauna babu aikin yi, domin ran da ba a ba shi abin yi a waje ba, kansa yake komawa ya ci.

Tsakaninsa da Likitocin Yau

Kamannin a bayyane suke. Beck, wanda ya yi aiki a Jami'ar Pennsylvania tun daga shekarun 1950, ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba da niyya ba, masu muni game da kansu da duniya da gobe, kuma littafin da ya fitar tare da abokan aikinsa a 1979 ya tsara yadda za a riƙa gwada irin wannan tunani da hujja. Tanadin tunani tun ana lafiya ya yi kama da abin da ake koya wa matasa a zaman ƙarshe don kada ciwon ya dawo. Maganarsa a kan sabo ta yi kama da abin da ake yi wa masu tsoro na tunkarar abin tsoron sannu a hankali. Gargaɗinsa a kan kaɗaici da zaman banza ya dace da dabarar cika wa majiyyaci yini da ayyuka masu ma'ana. Ganin cewa ba kai kaɗai ba ne kuwa, wanda labarin walimar Iskandar ya ƙunsa, Irvin Yalom ya lissafa shi a 1970 cikin abubuwan da ke sa magani a rukuni ya yi aiki.

Sai dai kamanni ba ya nufin gado. Ellis da Beck ba su karanta al-Balkhi ba, kuma dukansu sun ambaci Rawaƙiyyawa a matsayin magabatansu. Abin da ya fi dacewa a ce shi ne rijiya guda aka sha, Abu Zaid ta hannun al-Kindi, su kuma ta hannun litattafan Turai. Gudummawarsa ta kansa ita ce ɗauko wannan tunani daga zauren falsafa da wa'azi, ya shigar da shi littafin likitanci, ya rarraba shi cuta-cuta, kowace da maganinta, cikin harshen da mai karatu na gari zai gane. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma bai buƙaci a ƙara masa gishiri ba.

Akwai kuma abubuwan da ke cikin maganin yau waɗanda babu su a littafinsa. Tara majiyyata a rukuni a matsayin magani ya fara ne da Joseph Pratt, wanda ya buɗe aji ga masu tarin fuka a Boston a 1905. Dabarun rashin barci sun fi haka ƙuruciya. A 1972 Richard Bootzin ya tsara ƙa'idar cewa kada a hau gado sai barci ya zo, idan kuma ya ƙi zuwa a tashi a bar gadon, domin ƙwaƙwalwa ta daina haɗa shimfiɗa da juye-juye. A 1987 Arthur Spielman da abokan aikinsa suka fito da dabarar taƙaita lokacin kwanciya zuwa gwargwadon barcin da mutum yake samu a zahiri, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Wannan ta saɓa wa abin da hankali zai fara bayarwa, kuma gwaji ne ya tabbatar da ita. Haka nan sanin cewa agogon jikin matashi yana jinkirta bayan balaga, har barci ya ƙi zuwa da wuri alhali yana buƙatar awa takwas zuwa goma, sani ne na ɗakin bincike. Binciken da ya bi mutane shekara da shekaru ya nuna cewa mai fama da rashin barci ya ninka waninsa kusan sau biyu a haɗarin kamuwa da ciwon damuwa, abin da ya sa aka daina ɗaukar rashin barci a matsayin alama kawai, aka koma yi masa magani da kansa. Abu Zaid bai ƙirga majiyyata ba, bai kwatanta waɗanda aka yi wa magani da waɗanda ba a yi wa ba, kuma mai karatun da yake hange babban mutum ne mai hali, wani lokaci ma mai mulki da ake tsoron fushinsa. Ko rabon baƙin ciki gida biyu da ake yawan yaba masa a kai, likitocin ƙwaƙwalwa sun yi aiki da makamancinsa a mafi yawan ƙarni na ashirin, amma kundin rarrabe cututtuka na Amurka da ya fito a 1980 ya ture shi gefe, saboda a aikace iyakar da ke tsakanin nau'o'in biyu ba ta tsayawa wuri guda.

Rasuwarsa da Makomar Littafin

Abu Zaid ya ƙare rayuwarsa a ƙasar haihuwarsa, yana koyarwa yana rubutu. Cikin waɗanda suka yi karatu a gabansa akwai Abul Hasan al-Amiri, wanda ya rasu a 992, kuma ta hannunsa ne koyarwar al-Kindi ta ci gaba a Kurasan. Ya rasu a shekarar 934, daidai da 322 bayan Hijira, yana da fiye da shekara tamanin. A 1220 rundunar Mongol ta rusa Balkh.

Masalih ya tsira ne a kwafi biyu na rubutun hannu da aka adana a taskar Ayasofiya ta Santambul, masu lamba 3740 da 3741, waɗanda yanzu suke ɗakin karatu na Sulaimaniyya. A 1984 Fuat Sezgin, masanin tarihin kimiyya ɗan Turkiyya, ya buga hoton rubutun a birnin Frankfurt na Jamus. A 2005 Mahmud Misri ya fitar da tataccen bugu na Larabci a Alƙahira. Wanda ya kai sunan al-Balkhi kunnen masana halayyar ɗan'adam shi ne Malik Badri, farfesa ɗan Sudan da ya rasu a 2021, wanda ya fassara maƙala ta biyu zuwa Ingilishi a 2013, ya kuma sa wa fassarar take mai danganta littafin kai tsaye da hanyar gyaran tunani da ɗabi'a. Bayan shekara biyu Rania Awaad da Sara Ali suka buga nazari a wata mujallar likitancin ƙwaƙwalwa, suna kwatanta babin waswasi da ma'aunan da likitoci ke amfani da su a yau. Fassarar Badri ta tsaya ne a kan babi takwas na rai, ba ta haɗa da maƙala ta farko ba, wadda babin barci yake cikinta.